Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sarki Mai Tambaya (1781–1837)

Kowace shekara, idan zangon karatu na biyu ya kusa ƙarewa, mukan ɗebi ɗaliban aji biyar mu zaga da su cikin birni. Mukan fara da gidan tarihi na Waziri Junaidu, mu bi ta Hubbaren Shehu, mu tsaya a harabar Masallacin Shehu da ta Masallacin Sarkin Musulmi Bello da ke kusa da fada, sa'an nan mu ƙare a babbar majami'ar Katolika ta Holy Family. Kowace shekara kuma ba a rasa iyayen da za su aiko da takarda suna tambaya ko me zai kai ɗan Kirista ƙofar masallaci. Iyayen ɗalibanmu Musulmi su ma akwai masu irin wannan damuwa game da majami'a. Ba mu raina tambayar ba, domin duk uban da ya yi ta tsoron Allah da ƙaunar ɗansa ne suka sa shi. Shi ya sa bana muka ga ya dace mu ba da amsa a wannan shafi, ta hanyar kawo tarihin mutumin da ya kafa birnin nan da muke zaune a ciki, watau Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, a gidan da ɗalibai ke zuwa daga nesa domin ɗaukar karatu. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya shahara wajen Larabci da waƙa da shari'a. A Degel ba maza kaɗai ke karatu ba. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a wannan gida ta tashi har ta zama malamar da ake ji da ita.

Ya kamata ɗalibanmu su lura da irin makarantar da Bello ya yi. Babu benci, babu fitilar lantarki, babu injin buga littafi. Wanda ke son littafi sai ya ara ya kwafa da hannunsa, da tawada da alƙalamin kara. Takarda kuwa daga ƙetaren Sahara fatake ke kawo ta, tana da tsada. Duk da haka ya karanci nahawu da tafsiri da hadisi da shari'a da tarihi, ya kuma leƙa ilimin magani da lissafi da na taurari. Wannan son sani shi ne halin da ya bi shi har kabari.

Hijira da yaƙi

Da jama'ar Shehu ta yi yawa sai sarakunan Gobir suka fara jin tsoro. Sarki Nafata ya kafa dokoki na taƙaita wa'azi da hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa abin ya ƙara tsananta, har Shehu da mutanensa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. A lokacin Bello bai cika shekara 23 ba, amma an riga an fara aikensa wurare masu haɗari domin tattara magoya baya.

A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu ta yi nasara. Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an kashe musu malamai da mahaddata masu yawa, a Alwasa kuma, cikin 1805, sun sha kashi ƙwarai. Ga yunwa, ga cuta. Sai a watan Oktoba 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun rundunar da Bello ke jagoranta, aka kashe Yunfa.

A shekarar 1809 Bello ya zaɓi wani tudu kusa da inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka haɗu, inda a da ƙaramin ƙauye ne kawai, ya kewaye shi da ganuwa. Asalin birninmu ke nan. A 1812 Shehu ya raba aikin mulki biyu: yamma ga Malam Abdullahi, gabas ga Bello. Shi kansa Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815, a nan kuma ya rasu ran 20 ga Afrilu 1817. Kabarinsa ne Hubbaren da muke kai ku.

Wasiƙun Barno

Kafin mu zo kan sarautarsa, akwai wani abu da ya faru da ke nuna halinsa. Bayan masu jihadi sun far wa Barno har sun ci Birnin Gazargamu a 1808, wani babban malami, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, ya rubuto wasiƙu yana tuhumar shugabannin jihadi. Hujjarsa ita ce mutanen Barno Musulmi ne tun da daɗewa, suna salla suna azumi, kuma aikata zunubi bai mai da mutum kafiri. Bello ya mai da amsa cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa wajen yaƙar jama'ar Shehu, sun kuma bar mutane suna yanka ga duwatsu da itatuwa.

Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci tsakanin malaman nan biyu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, da Bello ya zo rubuta babban littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, sai ya kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa ya sa a ciki tare da nasa amsoshin. Da ya ga dama da ya ƙone su, ko ya taƙaita su yadda za su zama abin dariya. Saboda bai yi haka ba, yau bayan shekara fiye da 200 mai karatu na iya jin ɓangarorin biyu ya auna da kansa. Ɗalibanmu na ƙungiyar muhawara su riƙe wannan.

Hawansa sarauta

Da Shehu ya rasu, jama'ar Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a, yana da shekara 35. Abin bai zo da sauƙi ba. Malam Abdullahi ya taho ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya da ɓacin rai. Garuruwa da dama suka yi tawaye, har da Malam Abdussalami na Kware, wanda tsohon almajirin Shehu ne, aka murƙushe shi a farkon 1818. Bayan 'yan shekaru, da tawaye ya matsa wa Malam Abdullahi a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, Bello ya kai masa ɗauki. A nan baffa da ɗa suka shirya, Malam Abdullahi ya amince da sarautar Bello, daular ta zauna da ƙafa biyu, Sakkwato da Gwandu. Babban mataimakinsa a duk wannan shi ne amininsa Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u.

Baƙo daga Ingila

Ran 16 ga Maris 1824 wani Bature ya shigo Sakkwato a kan doki. Sunansa Kyaftin Hugh Clapperton, sojan ruwa ne, haifaffen garin Annan a ƙasar Sikotilan a 1788. Ya taso daga Tarabulus a 1822 tare da Manjo Denham da Likita Oudney, suka ƙetare Sahara zuwa Barno. Denham ya tsaya can, Oudney ya rasu kusa da Katagum a watan Janairu 1824, shi kuwa ya wuce Kano ya iso nan. A hanya sunan da ake kiransa da shi Abdullahi, amma bai ɓoye cewa shi Kirista ba ne. Gwamnatinsa ta aiko shi ne ya gano inda kogin Kwara ya nufa, ya nemi hanyar ciniki, ya kuma yi maganar hana sayar da bayi zuwa ƙetaren teku.

Waziri Giɗaɗo ya sauke shi, kashegari aka kai shi gaban sarki. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da mutum mai kwarjini zaune a kan ɗan ƙaramin kilishi, ba wani ado mai yawa. Cikin kyaututtukan da ya kawo, abin da ya fi ɗaukar hankalin sarki shi ne madubin hangen nesa da kamfas, watau na'urar nuna gabas da yamma. Da aka shimfiɗa taswirar taurari kuwa, sai Bello ya shiga kiran sunayen burujai da taurari da Larabci. Ya kuma nuna ya san Ingila ta ci Indiya, ya san jiragen ruwanta sun yi wa birnin Aljiyas luguden wuta. Baƙon ya zo da tunanin zai ba da labarin duniya, sai ya tarar labarin ya riga shi isowa.

Tambayar da ta gagari baƙo

A cikin hirarsu ta farko sarki ya juya kan addini. Kamar yadda Clapperton ya rubuta a littafin tafiyarsa, Bello ya tambaye shi ko Ingilishi mabiya Nestoriyas ne ko kuwa mabiya Sosinas. Clapperton ya amsa cewa su Furotesta ne. Sarki ya nemi a bayyana masa ma'anar wannan suna. Baƙon ya yi ƙoƙari ya ce kakanninsu ne suka ƙi amincewa da wasu al'adu da suka shiga Ikkilisiya. Sarki ya ci gaba da jero tambayoyi, har dai Clapperton ya amsa cewa iliminsa na addini bai kai ya warware irin waɗannan matsaloli ba.

Bari mu tsaya mu ga abin da sarki ya tambaya, domin mun tabbata da yawa cikinmu da ke zuwa sujada kowace Lahadi mu ma da mun yi shiru. Nestoriyas babban bishop ne na Kustantiniya, watau Istambul ta yau. An tuhume shi da raba allahntakar Yesu Almasihu da mutuntakarsa har kamar mutum biyu ne, aka tsige shi a babban taron Ikkilisiya na Afisa a shekara ta 431. Ikkilisiyar Gabas, wadda aka laƙaba wa sunansa, ta bazu a Farisa da Indiya, ta kai ƙasar Sin a 635. Sosinas kuwa mutumin Italiya ne da ya zauna a ƙasar Folan, ya rasu a 1604, shi da mabiyansa sun ƙi koyarwar Triniti, watau Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ashe sarki so yake ya san abu guda: me mutanen baƙon nan suka gaskata game da ko wane ne Yesu. Wannan kuwa ita ce babbar tambayar da ke tsakanin Kirista da Musulmi har gobe.

Malaman Musulunci na da sun rubuta littattafai a kan addinai da rabe-rabensu. Misali Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin ƙungiyoyin Kirista na Gabas har da Nasɗurawa. Irin wannan ilimi ya daɗe cikin littattafan Larabci, littattafan Larabci kuwa su Bello ya tashi yana karantawa. A zamaninsa babu majami'a ko ɗaya a duk ƙasar Hausa da zai je ya gani da idonsa. Abin da ke hannunsa shi ne littafi da baƙo, ya kuwa yi amfani da duka biyun. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Kirista a masallacin Waziri

A kwanakin da Clapperton ya yi a nan, ana cikin gina wani sabon masallaci wanda Waziri Giɗaɗo ya ɗauki nauyinsa. Baƙon ya je wurin, ba wanda ya kore shi. Ya duba ginshiƙai da yadda ake ɗaura bakan gizo da azara, ya ga leburori na kwaɓa ƙasa, ya zauna ya yi hira da babban magini. Maginin ya gaya masa shi mutumin Zazzau ne, mahaifinsa ya taɓa zama a Masar ya koyo fasahar gini, ya rasu ya bar masa takardunsa. Ya kuma nuna sha'awar wata irin rula ta awo da lissafi da Turawa ke amfani da ita, daga baya Clapperton ya aika da ita fada. Saboda wannan ziyara ce muke da bayanin yadda ake gina masallaci a Sakkwato shekara 200 da suka wuce, muka kuma san cewa birnin na da ganuwa mai ƙofa 12 da manyan masallatai biyu a lokacin.

Ana cikin haka wani ɗan Waziri ya rasu da ciwon agana. Clapperton ya je ya yi masa ta'aziyya, kamar yadda maƙwabci ke yi wa maƙwabci. Ya bar Sakkwato a farkon watan Mayu 1824 ɗauke da wasiƙar Bello zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, wadda ta yi maganar ciniki, da aiko da ƙaramin jakada da likita, da hana fitar da bayi ta bakin teku. Ya tafi kuma da taswirar ƙasar da wani yanki na littafin tarihin Bello, aka fassara aka buga a Landan a 1826. Ke nan tun yana da rai ana karanta rubutunsa a Turai.

Zuwa na biyu

Clapperton ya komo ta hanyar kudu. Ya taso daga Badagiri a watan Disamba 1825, ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa da ƙasar Nufe da Zariya da Kano, ya iske sarki a sansanin yaƙi a watan Oktoba 1826. Likitoci biyu da aka haɗo shi da su ba wanda ya iso. Wannan karo ya kawo littattafai na Larabci da aka buga a Turai. A cikinsu akwai Sabon Alkawari, da Zabura, da wasu sassan Tsohon Alkawari, da Alƙur'ani, da littafin magani na Ibn Sina, da littafin Yuklid, wanda shi ne tushen jometirin da kuke yi a aji. Sarki ya karɓe su duka. Wata safiya Clapperton ya shiga ya tarar da shi zaune da littafin Yuklid a buɗe a gabansa. Sarki ya gaya masa cewa gidansu na da kwafi ɗaya da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi bara, saboda haka ya yi murna da samun wani. Ku tuna fa, a lokacin yana tsakiyar yaƙi.

Amma zumuncin bai koma yadda yake da ba. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Sakkwato da Barno, Clapperton kuwa na ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga Shehu Laminu. Ga kuma masu raɗa wa sarki cewa haka Turawa suka shiga Indiya, da ciniki da fara'a, kafin su ci ƙasar. Bello ya hana shi wucewa, ya sa aka karɓe kayan. Clapperton ya fusata, suka yi musayar zafafan maganganu. Idan muka dubi abin da ya faru ran 15 ga Maris 1903, ranar da sojojin Ingila suka ci Sakkwato, ba za mu ce tsoron sarki na banza ba ne.

Zazzaɓi da atini suka kama Clapperton, ya yi jinya ta makonni, ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Ba kowa tare da shi daga ƙasarsu sai baransa Richard Lander, saurayi ɗan shekara 23. Duk da saɓanin da ya shiga tsakaninsu, sarki ya ba da izini a binne shi bisa ga addininsa, ya kuma ba da mutanen da za su haƙa kabari. Aka ɗora gawar a raƙumi zuwa wani ƙauye kimanin mil 5 daga birni. A can Lander ya buɗe littafin addu'a na Ikkilisiyar Ingila ya karanta sujadar jana'iza shi kaɗai. Bayan haka sarki ya bar shi ya koma gida lafiya. Shi ne ya dawo tare da ƙanensa John a 1830 suka bi Kwara har inda ta faɗa teku.

Sauran ayyukansa da rasuwarsa

Bello ya yi shekara 20 a kan mulki, kusan kowace shekara kuwa sai ya fita yaƙi. Domin tsare iyaka ya kafa garuruwan ribaɗi, ya zaunar da makiyaya a cikinsu, ya ƙarfafa noma da sana'a da karatu. Mafi girmansu shi ne Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato, inda shi kansa ya fi zama a ƙarshen rayuwarsa. Ya rubuta littattafai da ƙasidu fiye da 100, a kan shari'a da mulki da tarihi da sufanci da magani, har da na maganin ciwon ido da na basir. Malamai daga nesa sukan sauka a wurinsa. Alhaji Umaru Futi, wanda daga baya ya kafa daula a yankin Mali da Senegal na yau, ya yi shekaru a nan bayan dawowarsa daga Makka, ya kuma auri 'yarsa.

Babban yaƙinsa na ƙarshe shi ne na Gawakuke a 1836, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Ya rasu a Wurno a watan Oktoba 1837, yana gab da cika shekara 56, a can kuma kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku duk daga tsatsonsa suka fito, haka kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da ya hau a 2006.

Abin da ba za mu ɓoye ba

Tarihi ba kirari ba ne. Bello mayaƙi ne, kuma yaƙe-yaƙensa sun ci rayuka sun tashi garuruwa. Daular da ya mulka ta dogara ƙwarai ga bayi, waɗanda ake kamowa daga ƙabilun da ba Musulmi ba. A cikin ɗalibanmu da membobin Ikkilisiya akwai waɗanda kakanninsu suka hau duwatsu domin tsere wa mahaya dawaki, labarin kuma yana nan a bakin tsofaffinsu. Haka nan ba mu ce Bello ya ɗauki dukan addinai daidai ba. Musulmi ne mai riƙo da addininsa, a kansa ya rayu, a kansa ya mutu. Shi ma Clapperton ba mai bishara ba ne, ma'aikacin gwamnatinsa ne, kuma a rubutunsa akwai raini irin na Turawan zamaninsa. Amma mutanen nan biyu, da duk aibinsu, sun zauna a tabarma ɗaya sun tambayi juna. Ɗaya ya shiga wurin ibadar ɗaya, ɗaya ya karɓi littafin ɗaya, kuma ba wanda ya bar addininsa saboda haka.

Abin da muka koya

Na farko, ga iyayenmu masu tsoro. Sanin addinin maƙwabci bai raunana bangaskiyar Bello ba, shiga masallaci kuma bai musuluntar da Clapperton ba. A cikin Ayyukan Manzanni sura 17 mun ga Manzo Bulus ya zaga birnin Atina yana duba wuraren sujadarsu da kyau kafin ya buɗe baki, abin da ya gani ne kuma ya zama mafarin jawabinsa. Wanda bai san abin da maƙwabcinsa ya gaskata ba, jita-jita zai riƙa ɗauka a maimakon gaskiya.

Na biyu, ga ɗalibanmu. A wannan labari wanda ya ji kunya shi ne wanda aka tambaya game da addininsa ya kasa amsawa. Clapperton ya ƙetare Sahara, ya iya auna rana da taurari, amma tambaya a kan Almasihu ta tsai da shi. Ku kuna da abin da ko sarki bai samu ba. Shi da Larabci ya sami Sabon Alkawari, ku kuwa tun 1932 aka buga muku Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Mun lura a ziyararmu cewa ɗalibin da ya ji yadda ɗan'uwansa Musulmi ke bayyana alwala da alƙibla da mumbari ba tare da inda-inda ba, yakan dawo da ƙishin sanin ma'anar baftisma da Jibin Ubangiji. Ɗalibanmu Musulmi su ma sukan fito daga majami'a da tambayoyi masu kyau.

Na uku, ziyara tana da ladabi. Mukan nemi izini tun da wuri. Ba ma zuwa lokacin salla ko lokacin sujada. Mukan sa tufafin mutunci, 'yan mata su rufe kai, a tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, a tsaya inda aka ce a tsaya. Ba dariya, ba gardama, ba ɗaukar hoto sai an yarda. Ba a sa kowa ya yi ibadar da ba tasa ba. Mai tambaya ya yi domin ya sani, kada ya yi domin ya ƙure wanda ya karɓe shi.

Ba wasa ne ya sa muke nanata wannan ba. Dukanmu muna tune da watan Mayu 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba Kirista a wata kwaleji a garin nan bisa zargin ɓatanci, aka kuma taɓa majami'u da shaguna a zanga-zangar da ta biyo baya, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Fadar Sarkin Musulmi da Bishop Matthew Hassan Kukah duk sun yi tir da kisan. Waɗanda abin ya faru a tsakaninsu matasa ne kamarku, 'yan makaranta ɗaya. Ba mu ce ziyarar yini guda za ta warkar da irin wannan ciwo ba. Amma tun daga majalisar shugabannin addinai ta ƙasa da aka kafa a 1999, wadda Sarkin Musulmi da shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ke jagoranta tare, har zuwa ajinku, aikin iri ɗaya ne, watau a san juna tun kafin ranar fushi ta zo.

Saboda haka, ku 'yan aji huɗu da za ku shiga motar ziyara baɗi, idan kun tsaya a harabar masallacin da ke ɗauke da sunan Muhammadu Bello, ku tuna mai sunan ya taɓa zaunar da Kirista a gabansa ya tambaye shi abin da ya gaskata. Ku shirya tambayoyinku, ku kuma shirya amsoshinku. Ga 'yan aji shida masu fita, muna roƙon Ubangiji ya kiyaye ku duk inda kuka nufa, ya sa ku zama masu kawo salama. Allah ya zaunar da Sakkwato da Nijeriya lafiya. Amin.